"Gabana na faɗuwa": yadda ake gane bugun zuciyar da ya kauce, da abin da ya kamata a yi

A Aboabo ko Asawase, unguwannin Kumasi a Ghana, in mutum ya dafa ƙirji ya ce gabansa na faɗuwa, abu uku ake fara kawo masa: ko tunani ya yi masa yawa, ko wani mugun labari na tafe, ko olsa ce ta taso. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma kalmar nan guda ta ƙunshi abubuwa da yawa da ba su haɗa hanya ba, daga wanda ba ya buƙatar ko ƙwaya ɗaya zuwa wanda ke shanye ɓarin jikin mutum cikin dare. Abin da ke rikita mutane shi ne ƙarfin abin da ake ji a ƙirji ba ya nuna girman haɗarin. Wanda ya fi tayar da hankali sau da yawa shi ne mara illa, wanda kuma ya fi ɓarna kan zauna shekaru mai shi bai san da shi ba. Saboda haka ba da ji ake yanke hukunci ba. Ana ƙirgawa da yatsa, a rubuta, sannan a kama shi a takardar awo.

Wa ke ba zuciya lokaci

Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi zuwa huhu da sauran jiki. Tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, kuma kowane bugu da 'yar wutar lantarki yake farawa, wadda zuciyar ce ke haɗa abarta. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar tsarin ita ce a dubi sallar jam'i a babban masallaci. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan curin nama da ke matsayin liman: shi ke yin kabbara, sau 60 zuwa 100 a minti in mutum na hutawa. Ɗakunan sama su amsa su matse. A tsakiyar zuciya akwai wani curin na biyu, kamar ladanin da ke isar da kabbara ga sahun baya. Yakan ɗan jinkirta saƙon kaɗan, don ɗakunan ƙasa su cika da jini kafin su matse, sannan ya sake shi ta wasu zaruruwa zuwa ƙasa.

Duk rikicin bugun zuciya daga wannan tsarin yake fitowa. Ko wani mamu ya riga liman, ko saƙo ya riƙa zagaye wuri guda ya ƙi tsayawa, ko sahun gaba ya ruɗe kowa na tasa kabbarar, ko lasifika ta mutu sahun baya ya daina ji.

Auna da yatsa

Zauna ka huta minti biyar, ba bayan hawan bene ko shan ataya ba. Juya tafin hannun hagu sama, ka ɗora yatsa biyu, manuniya da ta tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, kamar faɗin yatsa biyu ƙasa da inda tafin ya ƙare. Danna a hankali, don in ka matsa da ƙarfi jijiyar za ta toshe ka daina ji. Kada a sa babban yatsa, yana da nasa bugun, sai mutum ya ƙirga nasa yana zaton na majiyyaci ne. In bai samu a hannu ba, a gwada gefen maƙogwaro, ɓangare ɗaya kawai, kuma ba tare da murzawa ba.

Ƙirga minti guda cur da agogon waya. Dabarar ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu tana aiki ne kawai in bugun na tafiya daidai, ga wanda ake zargin nasa ya kauce kuwa ƙarya za ta ba da. Abu biyu ake nema: adadi, da tazara. Ka riƙa buga ƙafa a ƙasa tare da kowane bugu. In ƙafar ta samu kiɗan da za ta bi, tazarar daidai take. In akwai kiɗa amma can ba a rasa ba ɗaya ya tsallake, wannan iri ɗaya ne. In kuwa sam babu kiɗan da za a bi, biyu a jere da sauri, shiru, uku, ɗaya mai ƙarfi, ɗaya da ƙyar ake ji, wannan shi ne wanda ake so a kai asibiti ko da mutum na jin kansa garau.

A yi wannan awon tun ana lafiya, safe da yamma na mako guda, don mutum ya san nasa adadin na yau da kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan ƙwallo ko mai aikin ƙarfi na iya samun 50 yana hutawa kuma lafiyarsa ƙalau. Jariri sabon haihuwa kan kai 140, ba abin tsoro ba ne. Yara da samari bugunsu kan ƙaru in sun ja numfashi, ya ragu in sun sake, wannan ma alamar lafiya ce. Mai ciki nata kan ƙaru da 10 zuwa 20. Zazzaɓi kuma na ƙara kusan bugu 10 a kan kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya hau, don haka 110 a jikin mai maleriya ba ciwon zuciya ba ne, maleriyar za a yi wa magani.

Duk wanda ke da tsoho a gida da ya kai 65, ko mai hawan jini ko ciwon suga, ya mai da shi al'ada ko sau ɗaya a wata: "Baba, kawo hannunka in ji." Minti ɗaya ne. Na'urar awon jini ta batir da ake da ita a gidaje da shagunan magani tana taimakawa, wasu ma suna nuna 'yar alamar zuciya in bugun bai daidaita ba, amma a irin wannan yanayin adadin da take bayarwa kan yi kuskure. In ta riƙa ba da lamba daban-daban ko tana nuna ta kasa, kada a ce ta lalace, a koma ga yatsa.

Fassara abin da yatsa ya ji

Mafi yawan masu cewa zuciyarsu ta tsaya sannan ta buga da ƙarfi, mamu ne ya riga liman. Wani wuri a zuciyar ya yi bugu kafin lokaci, ɗakin bai cika ba don haka ba a ji shi ba, sai a ɗan dakata, bugu na gaba ya zo da jini mai yawa ya daki ƙirji. An fi jin sa da dare in an kwanta, musamman ta gefen hagu. Kusan kowa na yin irinsa jefi-jefi. In zuciyar kanta lafiyayya ce ba ya kisa kuma ba ya buƙatar magani, sai dai a rage abin da ke tunzura shi. Ana kula da shi ne in ya yi yawa ƙwarai, ko yana ƙaruwa lokacin aikin ƙarfi, ko ga wanda dama zuciyarsa ta yi rauni.

Na biyu shi ne gudun kwatsam. Mutum na zaune, kamar an kunna inji, zuciya ta ɗauki 150 zuwa 220 a minti, daidai-wa-daida ba tangarɗa, ta yi minti goma ko awa biyu, sannan ta tsaya lokaci guda kamar yadda ta fara. Wasu na jin bugun har a wuya, wasu kuma fitsari mai yawa kan biyo baya. A kati likita kan rubuta SVT. Saƙon lantarki ne ya samu 'yar ɓarauniyar hanya yana zagaye. Ya fi kama matasa da mata, kuma su ne aka fi cewa tsoro ne ko iska. Bambancinsa da fargaba: ta fargaba a hankali take hawa, a hankali take sauka, kuma ba kasafai take kai 150 ba.

Na uku karkarwar ɗakunan sama, wadda ake rubutawa AF. Sahun gaba ya ruɗe, saƙo 300 zuwa 600 a minti na fitowa ta ko'ina, ɗakunan sama sun daina matsewa sai rawar ɗari. Ladani na tsakiya yana tare mafi yawansu yana sakin wasu ba tsari, shi ya sa yatsa ba ya samun kiɗan bi. Ita ce za mu daɗe a kanta nan gaba.

Na huɗu jinkiri. Liman ya tsufa, ko saƙo ya daina wucewa zuwa ƙasa, sai ɗakunan ƙasa su riƙa bugawa da kansu, 30 zuwa 40 a minti. Tsoho ya riƙa jiri, ya kasa tafiyar da ya saba daga gida zuwa masallaci, ko ya yanke jiki ya faɗi na ɗan daƙiƙu ya farfaɗo kamar ba a yi ba. Sau da yawa farfaɗiya ake ɗora wa laifin.

Wanda ba a jira da shi

Bugu ya canja kuma ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwo ko nauyi a ƙirji, haki alhali ana zaune, suma ko duhun ido, gumi mai sanyi, ruɗewar magana. Ko bugun ya haura 150 ya ƙi sauka bayan kamar minti 15 zuwa 20 na hutu, ko ya yi ƙasa da 40 tare da jiri. Ko baki ya karkace, hannu ya mutu, harshe ya yi nauyi, ko da na minti biyar ne ya warware. A kira 112, ko 193 na motar asibiti, in kuma za ta daɗe a tari tasi zuwa sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, wanda tsofaffin Kumasi ke kira Gee. Majiyyacin ba zai tuƙa kansa ba, kuma ba a ɗora mai jiri a bayan babur. A riƙe lokacin da abin ya fara, don maganin narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi.

Akwai kuma suma iri biyu da ba a yi wa uzuri ko da mutum ya tashi garau: wadda ta zo ana tsakiyar gudu ko wasan ƙwallo, da wadda ta sami wanda a danginsa wani ya taɓa mutuwar fuju'a yana ƙasa da shekara 40. Irin wannan ya dakatar da wasa har a duba zuciyarsa.

Kama shi a takarda

Gwajin farko shi ne ECG, ba kamfanin wutar da ke aiko mana da takardar kuɗi ba, awon lantarkin zuciya. Ana manna wayoyi goma, shida a ƙirji huɗu a hannuwa da ƙafafu, na'urar ta zana layuka a takarda. Ba ta sa wa mutum wuta, saurare kawai take yi, kuma daƙiƙa goma take ɗauka. Nan ne matsalar take. In abin zuwa yake yana tafiya, ranar da ka je asibiti ya lafa, takardar za ta fito tsaf a ce lafiyarka ƙalau. Wannan ba ya nufin ka yi ƙarya. Dabara ita ce ka san wuri mafi kusa da kai mai na'urar, ka tambaya tun yanzu a asibitin Manhyia ko na Tafo ko wani asibitin kuɗi na unguwa, ranar da ya taso ka tafi kai tsaye ka ce a ɗauka yanzu yana kan yi. Gani ya kori ji. Ka karɓi kwafi, ka ɗauki hotonsa a waya, domin takardar irin ta rasit ce, zafi da daɗewa na goge zanenta.

In an kasa kamawa, akwai 'yar na'urar Holta da ake ratayawa awa 24 ko 48 mutum ya koma gida da ita. Kada a kwanta a gado ranar don an sa na'ura, a yi harkokin da aka saba, har da wanda ke tayar da abin, a kuma rubuta lokacin da aka ji shi. Ba a wanka da ita. Sai hoton zuciya na eko, irin na'urar da ake duba ciki da ita, wanda ke nuna girman ɗakuna, ƙarfin matsewa da lafiyar ƙofofin zuciya. Shi ke raba wanda za a kwantar wa hankali da wanda za a sa wa ido. A jini kuma ana duba yawansa, da gishirin fotasiyam wanda ya kamata ya zauna tsakanin 3.5 da 5.0, da ƙoda, da suga, da tayirod, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Tayirod mai aiki fiye da kima na sa rama duk da cin abinci, rawar hannu, jin zafi da gudun zuciya, kuma maganinta daban ne.

Ka tafi da littafinka: rana, lokaci, adadin bugu, daidai ne ko a hargitse, minti nawa ya yi, me kake yi, me ka ci ko ka sha. Ka kuma zuba duk magungunan da kake sha a leda ka kai, har da na gargajiya da bitas, wato jiƙon itatuwa mai ɗaci na kwalba, da na ƙarfin maza. Likita ya fi amfana da ledar nan fiye da doguwar hira. Masu buƙatar aikin da ya fi ƙarfin nan akan tura su cibiyar zuciya ta ƙasa a Korle Bu, Accra, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989.

Masu tunzura zuciya

Kumasi garin goro ne, shi ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu, amma goro na ɗauke da sinadarin kafin mai wartsake jiki, kamar kofi. Mai cin ƙwaya biyar a yini, ya zauna a bes, wato majalisar samari, ya sha ataya zagaye uku, ya ɗora da lemon ƙarfi na gwangwani don tuƙin dare, bai kamata ya yi mamaki ba. Ba sai kowa ya bar goro ba. A gwada ragewa na mako biyu a duba littafi, in abin ya ragu an gano ɓarawon. A rage a hankali, yankewa lokaci guda na kawo ciwon kai. Giya, taba, shisha da tramadol ba sai an tsaya bayani ba. Abin da aka fi mantawa su ne maganin mura mai buɗe hanci irin mai pseudoephedrine, da abin shaƙa na asma, salbutamol, in an yawaita. Wasu magungunan kuma suna tsawaita lokacin da zuciya ke ɗauka kafin ta shirya wa bugu na gaba, kamar quinine, chloroquine, erythromycin da ciprofloxacin. Ɗaya-ɗaya bisa umarnin likita ba laifi, amma haɗa biyu daga kemis ga mai gudawa da amai, wanda gishirin jikinsa ya zube, shi ne ke jawo mugun bugu.

Masu shan ƙwayar fitsari don hawan jini, bendro ko Lasix, fotasiyam ɗinsu kan ragu, a ji kasala da ɗaurewar jijiyar ƙafa da tsallaken bugu. Ayaba, wake, tumatir da ruwan kwakwa na taimakawa, sai dai mai ciwon ƙoda ya kiyaye, shi yawan fotasiyam ne ke iya tsayar masa da zuciya. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci ma na haddasa AF, kuma matar gida ce kan fara sani. Mai jego da ta fara haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai da matashi uku, a kai ta asibiti, kada a ce jego ne. Raunin zuciya na bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, likitocin Zariya sun daɗe da rubutu a kansa, kuma kunun kanwa cike yake da gishirin da ke ƙara wa zuciyar da ta gaji kaya.

Amma uban tafiyar a nan hawan jini ne da aka bari shekaru ba magani. Yana kumbura ɗakin sama na hagu har zarurrukansa su ruɗe. A matasa kuma akwai ciwon ƙofar zuciya da ke samo asali daga ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa maganin penicillin ba.

Zama da AF

Haɗarin AF ba a bugun yake ba. Ɗakin da ya daina matsewa jini na kwanciya a cikinsa, musamman a wata 'yar aljihu da ke jikin ɗakin hagu, ya daskare. Ranar da gudan ya ɓalle, ƙwaƙwalwa ya nufa. Mai AF ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau biyar a haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma haɗarin na nan ko yana jin bugun ko ba ya ji, ko kullum ne ko zuwa take tana tafiya.

Likita kan yi lissafin maki: hawan jini 1, ciwon suga 1, raunin zuciya 1, toshewar jijiyoyin jini 1, shekara 65 zuwa 74 maki 1, daga 75 maki 2, wanda ya taɓa shanyewa maki 2. Daga maki 2 ana ba da maganin tsinka jini, a maki 1 kuma a tattauna. Aspirin ba ya wadatarwa a nan, duk da mutane da yawa sun dogara da shi.

Warfarin shi ne tsohon magani kuma mafi araha, amma yana son kulawa. Ana gwajin jini mai suna INR, a riƙe shi tsakanin 2 da 3. Ƙasa da 2 bai kare ka ba, can sama kuma jini ne zai ɓalle. Da farko gwajin kusan duk mako ne, in ya zauna a koma wata-wata. A sha a lokaci guda kullum, a karanta lambar miligiram a jikin fakiti, kada a dogara da launin ƙwaya don kamfani na canjawa. Ganye irin su ayoyo, alefu, kontomire, zogale da kuka na ɗauke da bitamin K mai rage ƙarfinsa. Kuskure ne a hana mutum miyar tuwonsa. Abin da ake so shi ne ya ci gwargwadon da ya saba kowane mako, a daidaita masa maganin a kan haka. Mai ɓata lissafi shi ne wanda zai yi wata bai ci ganye ba, sannan ya fara shan garin zogale cokali uku kullum. Flagyl, Septrin da fluconazole na ƙara wa warfarin ƙarfi har a yi zubar jini, rifampicin na maganin tarin fuka kuma yana kashe shi. Diclofenac da ibuprofen na tsaga ciki su zubar da jini, don ciwon jiki a tsaya ga paracetamol.

Sababbin, apixaban da rivaroxaban da dabigatran, ba sa buƙatar INR kuma ba ruwansu da miya, sai tsada. Ƙarfinsu kan fita daga jiki cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka wanda ke sha yau ya tsallake gobe don fakiti ya kai ƙarshen wata, rabin kwanakinsa ba shi da kariya. In kuɗin ba zai ɗore ba gara a faɗa wa likita gaskiya a koma warfarin. Rivaroxaban da abinci ake shansa. In an manta ƙwaya ba a haɗa biyu. Mai ƙofar zuciya ta ƙarfe, da wanda ƙofarsa ta hagu ta tsuke sosai, warfarin ne kaɗai nasu. Mace da ke shirin ɗaukar ciki ta faɗa tun kafin ta ɗauka, akwai allurar da ake sauya mata.

Duk mai shan ɗayansu ya sanar da wanzami da mai cire haƙori, ƙaho da tsaga kuwa a bar su. Baƙin bayan gida kamar kwalta, jan fitsari, haɓon da ya wuce minti goma, ko buguwa a kai ko da ba rauni a waje, duka na asibiti ne a ranar. Kafin azumi da wata guda a je a tsara lokutan sha. Azuminmu a nan bai cika wuce awa 14 ba, mai sau biyu a yini sau da yawa ana iya mai da shi sahur da buɗa-baki, amma likita ne zai ce, musamman in akwai ƙwayar fitsari a ciki. Maniyyaci ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da rara, a jakar hannu.

Ɓangare na biyu na maganin shi ne rage gudu, da atenolol ko bisoprolol ko digoxin, a fara neman ƙasa da 110 in ana hutawa. Atenolol da 'yan uwansa ba a yanke su lokaci guda, zuciya kan yi zabura. Digoxin in ya taru a jiki, wanda ya fi faruwa ga tsoho mai raunin ƙoda, yana kawo tashin zuciya, ƙin abinci da ganin abubuwa rawaya-rawaya. Wasu ana mai da bugunsu daidai da jan lantarki bayan an sa su barci, amma in AF ta kwana biyu sai an sha maganin tsinka jini mako uku kafin, mako huɗu bayan.

Tsayar da gudun kwatsam a gida

Wannan ga wanda likita ya riga ya tabbatar masa SVT ce, kuma babu ciwon ƙirji ko jiri mai tsanani. A sami sirinji mai mil 10, sabo, ba allura. Mutum ya kishingiɗa rabin zaune, ya sa bakin sirinjin a baki ya hura da ƙarfi har abin turawar ya fara motsi, ya riƙe daƙiƙa 15. Nan take a kwantar da shi rigingine, wani ya ɗaga ƙafafunsa sama kamar rabin tsayuwa na daƙiƙa 15, sannan a zaunar da shi a jira minti ɗaya a auna. A wani gwaji da aka yi a asibitocin Ingila aka buga a 2015, wannan hanyar ta tsayar da abin ga kashi 43 cikin ɗari, hurawa kaɗai ba ɗaga ƙafa kashi 17. Tsoma fuska a ruwa mai ƙanƙara na 'yan daƙiƙu ma na aiki. In an gwada sau biyu bai tsaya ba sai asibiti, akwai allurar adenosine mai katse shi cikin daƙiƙu. Kada a murza jijiyar wuya ko a danna ido, garin neman gira a rasa ido. Wanda abin ke yawan damunsa, akwai aikin da ake zura siririyar waya ta jijiyar cinya a ƙone ɓarauniyar hanyar, kuma galibi ana rabuwa da shi ke nan.

Mai jinkiri kuwa, bayan an tabbatar ba magani ne ya jawo ba, batirin zuciya ake sa masa, ɗan ƙarfe da bai kai akwatin ashana ba, a ƙarƙashin fata ƙasa da ƙashin wuya, da waya ɗaya ko biyu zuwa cikin zuciya. Ba a buɗe ƙirji, batirin kan yi shekara goma ko kusa da haka. Kada a sa wayar salula a aljihun gaban riga ta wannan gefen, a bar tazarar santimita 15, mai walda kuma ya yi shawara da likita kafin ya koma aiki.

In mutum ya faɗi

Mafi munin rikici shi ne ɗakunan ƙasa su shiga karkarwa, jini ya tsaya cak. A watan Yunin 2021 ɗan ƙwallo Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a filin wasa, aka danna masa ƙirji aka ja masa lantarki nan take, ya rayu har ya koma wasa. A Nuwamban 2023 ɗan wasanmu Raphael Dwamena, wanda aka daɗe da gano yana da ciwon zuciya, ya faɗi a fili a Albaniya yana da shekara 28, bai tashi ba. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida, motar asibiti kuwa ba za ta ratso cunkoson kasuwar Kejetia a wannan lokacin ba. Na kusa da shi ne likitansa.

Jijjiga kafaɗarsa ka kira shi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko yana jan wani irin gurnani jefi-jefi, kada a ɓata lokaci wajen yayyafa ruwa, fifita ko cusa cokali a baki. Nuna mutum ɗaya ka ce "kai, kira 112." Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba katifa ba. Ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ka danna da nauyin jikinka zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a daƙiƙa, kana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa. Ba dole sai an hura baki ba in ba a koya ba. Mace ce ma haka za a yi, ceton rai ne. Haƙarƙari na iya karyewa, a ci gaba. Hannu kan gaji bayan minti biyu dannawar ta yi sama-sama, don haka wani ya durƙusa a ɗaya gefen yana jiran karɓa. In akwai akwatin jan lantarki na AED a wurin, a kunna shi, a manna faifansa biyu a fatar ƙirji yadda hoton jikinsu ya nuna, a bi abin da muryarsa ke faɗa, kowa ya ɗauke hannu lokacin da zai ja, sannan a koma dannawa nan take har ma'aikatan lafiya su karɓa ko mutumin ya fara numfashi da motsi.